Tsibirin Auta da Idon Yaya

"Yaya, zo ki raba mana gardama."

Auta ne ya kira ta daga falo. Yaya ta ajiye bahon ruwan da ta gama goge wa Mama jiki da shi, ta share hannu a gefen zani, ta fito. Ta same shi a kan doguwar kujera, Amarya ta jingina da kafaɗarsa, kwamfuta a kan cinyarsu. Tun bayan biki ba su je ko'ina ba. Yanzu da wurin aikinsa suka ba shi hutu, ba su da zance sai na tsibirin da za su je cin amarci.

"Ni na ce wannan," in ji Amarya, tana nuni da farce. "Ɗakunan a kan ruwa suke, Yaya. Kina buɗe ƙofa sai ki zura ƙafa a teku. Ƙasan ɗakin ma gilashi ne, kina kwance kina kallon kifi."

"Ni kuma na ce wancan mai duwatsun," in ji Auta. "Jirgi ɗaya zai kai mu, ba sai an sauka an hau kwalekwale ba. Wannan da ko a mota amai take yi."

"Kai dai ka ce ruwa kake tsoro."

Yaya ta sunkuya ta duba. Ta ga shuɗin ruwa da farin yashi, amma gefen hoton babu shi. Wani abu baƙi ya tare shi kamar an ja labule. Ta rufe idon hagu, hoton ya cika. Ta buɗe shi ta rufe na dama, kusan rabin tekun ya ɓace.

"Duk suna da kyau," ta ce. Ta zauna a hannun kujera. "Dama ina son magana da ku. Ɗazu da na bar ku da Mama, asibitin ido na je."

Ta faɗa musu yadda likitan ya faɗa mata, ba ta rage ba. Tantanin da ke bayan idonta na hagu ne ya fara ɗayewa, kamar yadda fenti ke ɗayewa daga bango. Dole a yi aiki cikin makon nan. In ɗayewar ta kai tsakiyar idon, ganin ya tafi. Bayan aikin kuma sai ta yi kwanaki a kwance ruf da ciki, ba ɗaukar nauyi, ba jijjiga.

"Subhanallahi," in ji Auta. "Sannu, Yaya." Sannan ya ɗago. "To Mama fa?"

Tun da Mama ta samu shanyewar ɓarin jiki, Yaya ce ke ɗaga ta, ita ke juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, ita ke ba ta abinci a baki, ita ke canza mata shimfiɗa. Aurenta ya mutu ta dawo gida, sai jinyar ta zama tata ba tare da an taɓa zama an ce ta zama tata ba. Tsakanin wannan aiki da wancan take taka keken ɗinkinta a ɗan ɗakin da ke jikin na Mama.

"Shi ya sa na ce ina son magana da ku," ta ce. "Tunda ba ku riga kun zaɓi wuri ba, ku ɗan ɗaga tafiyar. In na tashi sai ku tafi."

Amarya ta janye kanta daga kafaɗar mijinta. Auta ya sosa ƙeya.

"Hutun nan ba a hannuna yake ba, Yaya. Kin san yadda na sha fama kafin a ba ni. In ya wuce sai baɗi."

"Kuma an ce wata mai zuwa ruwan sama zai sauka a can," in ji Amarya a hankali. "Iska, igiyar ruwa, ba a ma barin mutum ya sauka bakin teku."

"Likitocin nan ma akwai su da tsoratar da mutum," Auta ya ƙara. "Amma kada ki damu. Za a san abin yi. Bari in yi magana da 'Yar Baba."

Kafin Yaya ta kai ƙofar ɗakin Mama, ta ji Amarya na tambayarsa ƙasa-ƙasa ko otal ɗin kan ruwan yana ba da karin kumallo.

'Yar Baba ita ce ta tsakiyarsu, tana aure a wani gari, tana koyarwa a makarantar sakandare. Da Yaya ta ji shiru har washegari da yamma, sai ta kira ta da kanta.

"Wallahi Yaya, da zan iya raba kaina biyu da na raba," in ji 'Yar Baba. "Jarrabawa muke ciki. Ga baban yara ba ya son in yi nisa, kin dai san halinsa. Amma ba ga Auta nan da matarsa ba? Gida ɗaya fa kuke."

"Auta ya ce ke zai kira."

"Ni? Bai kira ni ba. Kin san me, akwai wata a makarantarmu da ta yi irin wannan, tana ganin baƙi-baƙi. Maganin ɗigawa kawai aka ba ta. Bari in tambayo miki sunansa."

"Nawa ba na ɗigawa ba ne."

"Ki dai gwada, Yaya. Ba a san inda dace yake ba."

Da safe labulen ya ƙara matsowa. Yaya ta fito daga kicin da tiren Mama, ta bugi ƙofa da kafaɗar hagu, shayi ya zube mata a hannu. Ba ta ga ƙofar ba sam.

Auta ya yi abin da yake kira ƙoƙarinsa. Ya kawo wata mai jinya, mace mai tsabta da sanyin murya, ya ce za ta zauna da Mama har Yaya ta warke. Mama ta kalli baƙuwar, ta kafe baki, ta juya fuska bango. Aka kai mata cokali ta ƙi buɗewa. Matar ta kai hannu za ta gyara mata zani, Mama ta fashe da kuka tana kiran Yaya, "Babba! Babba!" da harshenta da ya karye.

"Haka suke yi da farko," in ji mai jinyar. "A ba ta kwana biyu, musamman in akwai ɗan gida a kusa. Za ta saba."

Amma kafin la'asar Auta ya sallame ta.

"Kin gani ai, Yaya," ya ce. "Ke kaɗai take yarda da ke. Ni ba zan iya tafiya in bar ta tana wannan kukan ba."

"Matar ta ce za ta saba in akwai ɗan gida a kusa."

"To wane ɗan gidan, tunda mu ba ma nan?"

Ta dube shi da idon da ke gani. Ita ta goye shi, ita ta riƙa kai shi makaranta. Ta nemi kunya a fuskarsa, abin da ta gani ya fi kama da wanda aka sauke wa kaya.

"Amarya," ta ce, "zo in nuna miki yadda ake juya ta. Ba wuya."

Amarya ta biyo ta har bakin gado. Da Yaya ta ɗaga bargo, warin ya taso, yarinyar ta toshe baki ta fita da gudu. Daga baya ta dawo idonta jawur.

"Ki yi haƙuri, Yaya. Ba ƙyama ba ce. Tsoro nake kada in karya ta. Kuma ni ma fa ki duba ni. Duk ƙawayena sun je nasu. Kullum sai an tambaye ni, ina kuka je, ina hotuna. Har an fara cewa ko an kawo ni jinya ne."

A hannunta akwai leda. Ta ajiye ta a kan keken ɗinki. Yadi ne mara nauyi, kala uku.

"Dogayen riguna nake so, masu faɗi, irin waɗanda iska ke kaɗawa a bakin ruwa. In kin samu sarari."

Yaya ta ɗinka su. Zare ya ƙi shiga allura sai da ta rufe idon hagu da tafin hannu. Ta soki yatsa har jini ya ɗiga a kan farin yadin, ta wanke wurin da ruwan sanyi. Kalmasar ɗaya ta karkace, abin da rabonta da yi tun tana koyo. Ta farke ta sake.

Ranar da Kawu, ƙanen Mama, ya zo dubiya, ta yi zaton ta samu mai tsaya mata. Ya saurare ta har ƙarshe yana gyaɗa kai, ya kurɓi ruwa.

"Na ji, 'yata. Amma ki duba. Yaran nan sabon aure ne. In aka hana yarinyar nan tafiyar nan, danginta za su ce mun auro ta ne don wahala. Aure ɗanye ba a jijjiga shi. Ke kuwa babba ce. Ba miji a gabanki, ba yaro, babu abin da ke korar ki. Ladan da kike samu a ɗakin nan, wallahi mu duka muna sha'awarsa."

"Kawu, idon ne ke korata."

"Ido na Allah ne. Ki yawaita addu'a."

Mama na jin su daga gado. Da Kawu ya tafi, ta kira ta da hannunta mai motsi. Yaya ta durƙusa ta kai kunne.

"Babba. Ki bar yaron nan ya je. Ya sha wahala."

"Mama, zan makance."

Mama ta daɗe tana haɗa maganar a bakinta.

"Ba ga ɗayan ba?"

Yaya ta miƙe. Ta gyara mata matashi, ta share mata yawun da ya gangaro.

Ana cin abincin rana wayarta ta yi ƙara. Daga asibiti ne. An sa ta cikin waɗanda za a yi wa aiki washegari da safe. Ta fara cewa ba ta tabbatar ba, sai likitan ya karɓi wayar da kansa. Yaya ta buɗe muryar, ta ajiye wayar a tsakiyar tebur, tsakanin farantin Auta da na Amarya.

"Hajiya, ba zan ɓoye miki ba," in ji likitan. "Idon nan ba zai jira ki ba. Kowace safiya da kika ƙara, wani abu kike rasawa wanda ba zan iya dawo miki da shi ba."

Auta ya matso da bakinsa. "Likita, ƙanenta ne. Babu wani magani da za a ba ta ya riƙe shi na ɗan lokaci?"

"Babu. Aiki ne kawai. Ku kawo ta gobe, kada ta ci komai."

Wayar ta mutu. Amarya ta kafa wa farantinta ido.

"Yaya," in ji Auta, "ɗazu na kama mana wurin. Na kan ruwan. Jibi za mu tashi, ba a fasawa." Ya yi saurin ƙarawa, "Mako biyu ne kacal. Muna sauka, ni da kaina zan kai ki. Na yi miki alkawari."

"Gobe zan je," ta ce. "Jibi ne tafiyarku. Goben kuna gida. Ku riƙe ta, ku kira mai jinyar nan ta dawo. Ko ku tafi ko ku zauna, wannan ku ya shafa."

Ba ta taɓa yi masa magana haka ba. 

Da gari ya waye ta yi wa Mama wanka da wuri, ta ba ta magani, ta shirya 'yar jakarta. Ko ruwa ba ta sha ba. Ta yafa mayafi ta nufi sashen su Auta don ta ce musu ta tafi. Ƙofar a kulle take. Ta ƙwanƙwasa, shiru. Ta leƙa waje, motar ba ta nan. Ta kira wayarsa, ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake. Ta kira Amarya, a kashe. Can sai saƙo ya shigo: sun fita ƙarasa sayayya, ba za su daɗe ba.

Ta tsaya a tsakar gida da jaka a hannu. Maƙwabciyarsu, wadda kan taimaka mata wani lokaci, ta tafi aiki tun da sassafe. Yaya ta je har bakin ƙofar gida, ta zare sakata. Titi ya fara cika, ga masu haya suna wucewa, ɗaga hannu kawai za ta yi. Daga ciki ta ji tari, irin wanda Mama ke yi in yawu ya sarƙe ta, wanda in ba a ɗaga ta ba ba ya tsayawa. Ta jira ko zai lafa. Bai lafa ba.

Ta mayar da sakatar.

Su Auta ba su dawo ba sai da rana ta yi sanyi, da ledoji niƙi-niƙi. Ya ga jakarta a ƙofar ɗakin Mama, ya kawar da kai.

"Cunkoso muka tarar," ya ce.

Suka tafi. Hotuna suka fara shigowa a zauren waya na dangi. Amarya cikin doguwar rigar da iska ke kaɗawa. Auta rungume da sandar kwalekwale yana dariyar tsoro. Ƙafafu huɗu a cikin ruwa garai-garai. 'Yar Baba na turo addu'o'i, Kawu na sa albarka. Mama kan ce a nuna mata, Yaya ta riƙe mata wayar a gaban fuska, ita kuma tana kallon gefe.

Wata hantsi tana ɗaga Mama daga gado zuwa kujera, ta ji kamar an watsa mata toka a idon. Ta ƙarasa ajiye ta, ta gyara mata ƙafafu, sannan ta rufe idon dama don ta gwada. Babu taga, babu gado, babu Mama. Sai wani ɗan haske a can gefe kamar na ƙasan ƙofa.

Ta kira Auta. Ta ji ƙarar ruwa da kiɗa a bayansa.

"Ya rufe," ta ce.

"Me? Yaya, ba na jin ki sosai, sabis ɗin nan sai a hankali. Mama lafiya? To alhamdulillahi. Saura kaɗan mu dawo, ki ƙara haƙuri."

Ta ci gaba da aiki. Tana zuba ruwa a kofi yana zuba a tebur. Tana kai cokali bakin Mama yana bugun haɓa. Masu ɗinki suka zo karɓar kayansu, ta mayar musu da yadinsu ba a taɓa ba.

Da suka dawo, Auta ya cika alkawari, bayan ya huta gajiyar hanya. Shi ya tuƙa ta. Likitan ya daɗe yana haska idon, ya duba na daman ma, sannan ya kashe fitilar ya jingina.

"Ya ɗaye duka, har ya fara tamkewa. Za mu iya yin aiki don ƙwayar idon ta zauna lafiya, amma ganin, kada ki sa rai." Ya juya ga Auta. "Kai ne muka yi magana da kai a waya?"

Auta ya sunkuyar da kai.

"Na daman ma akwai wurin da ya yi rauni. Wannan ƙaramin aiki ne in an yi shi yanzu," in ji likitan. "Ku kawo ta. Gobe."

Labari na isa, 'Yar Baba ta kamo hanya a ranar. Jarrabawa ba ta hana ta ba, baban yara ma shi ya kai ta tasha. Kawu ya iso da yamma. Aka cika falo ana salati. Amarya na kuka a gefe, fatarta ta yi duhu da ranar bakin teku.

"Ƙaddara ce," in ji Kawu. "Abin da aka rubuta ba ya wuce lokacinsa."

"Amma ke ma, Yaya, da zurfin ciki," in ji 'Yar Baba tana share hanci. "Da kin ce min abin ya kai haka, wallahi da a ranar zan taho."

"Shi ne fa," in ji Auta. "Da kin nuna mana da gaske ne, wace tafiya ce za mu yi?"

Yaya ta juya kanta gaba ɗaya don ta gan shi, domin a hagunta yake zaune.

"Na faɗa," ta ce. "A falon nan na faɗa. Na faɗa a waya. Likita ya faɗa a kan teburin can, kana tauna abinci. Kada wanda ya ce bai ji ba. Kun ji. Kowa ya duba abin da zai rasa, kuka ga idona ya fi sauƙin bayarwa, tunda ba a fuskarku yake ba."

"Haba, 'yata," Kawu ya fara.

"Ban gama ba, Kawu. Gobe za a yi min na daman. Ba shawara na kawo ba. Maganin Mama na kan firji, na safe daban, na yamma daban. Ana juya ta kafin ta nema, don ba ta iya nema. In ta yi kuka, ku bar ta ta yi, ku ba ta abincin. Ni ma na yi nawa, ba wanda ya fasa komai."



A gidaje da yawa akwai irin Yaya. Ba a dukan ta, ba a zagin ta, kowa ma yabon ta yake yi. Ana ce mata mai haƙuri, ana ce mata uwar kowa, kuma da wannan yabon ake ɗaure ta. Ranar da jikinta ya nemi haƙƙinsa, kowa na da uzurin da ba za a kira shi ƙarya ba: hutu, jarrabawa, sabon aure, ruwan sama a wani tsibiri. Ba wanda ya ce ta makance. Cewa kawai suka yi ta jira.

Da safe maƙwabciya ta ɗauki rana a wurin aikinta, ta zo ta riƙe mata hannu. Suna ratsa tsakar gida, Yaya ta ji Auta da Amarya da 'Yar Baba a ƙofar ɗakin Mama, mutum uku masu lafiya da ido bibbiyu, suna gardama ƙasa-ƙasa a kan wanda zai fara shiga. Daga ciki muryar Mama ta taso, tana kiran ta.

Yaya ta tsaya cak. Maƙwabciyar ta dube ta.

"Mu koma ne?"

"A'a," in ji Yaya. "Mu je."

Hawaye na zubo mata ta ido biyun, mai gani da wanda ya mutu, ba bambanci. Ta share su da mayafi, ta laluba bakin ƙofa da ƙafa, ta fita.